Zakka ko sadaka: wane aljihu za ka taɓa idan buƙata ta zo ƙofarka?

Azumin bara ne, bayan an sha ruwa an dawo daga asham, kawuna ya aiko in zo in taya shi duba littafin shago. Atamfa da shadda yake sayarwa, kuma duk unguwarmu ba wanda bai san hannunsa a sake yake ba, ranar Juma'a tukunya guda ake ɗorawa a gidansa saboda almajirai, marayu biyu shi yake biya musu kuɗin makaranta, tayil ɗin masallacin layinmu ma shi ya sa. Muna cikin lissafi, kalkuleta a hannuna shi kuma yana lilo da carbi, sai na ce, "Kawu, wai wane wata ne zakkarka take cika?" Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗan nan, abin da nake fitarwa a shekara ai ya ninka zakkar sau uku." Kuma wallahi gaskiya ya faɗa in dai ƙirga kuɗi za a yi. Amma na kwana ranar abin yana cina a rai, don na san a cikin duk abin nan da ya lissafa babu naira ɗaya da ta fita da sunan zakka, kuma rabinsa ma ko da ya yi niyyar ba za ta zauna ba.

Ban iya ce masa komai ba a daren, ɗa ba ya yi wa babba karatu a kan tabarmarsa. Washegari dai na lallaɓa na ce ko za mu leƙa wajen malam bayan la'asar ya duba mana lissafin, ya yarda. Abin da zan rubuta a nan yawancinsa daga zaman nan ya samo asali, sai abin da muka taɓa karantawa a zaure, kuma na rubuta ne saboda wanda yake da ɗan abin hannu kuma buƙatu sun yi masa layi, ga mahaifiya ga ƙane ga masallaci ga rijiya, yana so ya san wanne zai biya da wanne.

Inda ruɗanin yake farawa ma daga sunan ne. Alƙur'ani kansa ya kira zakka da sunan sadaka, a Suratut Tauba aya ta 60 inda aka jero waɗanda ake ba wa zakka kalmar sadaka aka yi amfani da ita, haka a aya ta 103 inda aka umarci Annabi (SAW) ya karɓa daga dukiyoyinsu ya tsarkake su. Toh kaga a harshe duk zakka sadaka ce, amma ba duk sadaka ce zakka ba. Wani balaraben ƙauye ya taɓa zuwa ya tambayi Manzon Allah (SAW) abin da ya wajaba a kansa, aka faɗa masa salla biyar, azumin Ramalana, da zakka, kowanne sai ya tambaya ko akwai wani abu bayan wannan, a ce masa a'a sai dai in ya yi na ganin dama. Nan layin yake. Ɗaya bashi ne a wuyanka, ɗayar kuma ganin damarka ce, in ka yi ka samu lada in ka bari ba ka yi laifi ba.

Kuma bashin nan ba ƙaramin bashi ba ne. Bayan rasuwar Annabi (SAW) da wasu ƙabilu suka ce salla za su yi amma zakka ba za su bayar ba, Sayyidina Abubakar yaƙi ya ɗaura da su, ya ce zai yaƙi duk wanda ya raba tsakanin salla da zakka, ko da igiyar ɗaure raƙumi ce suka hana shi wadda suke bayarwa a da. Ba a taɓa jin an ɗaura yaƙi da wani don ya ƙi yin sadakar Juma'a ba. A Tauba aya ta 34 da 35 an yi maganar masu taskace zinare da azurfa, za a ƙona su a wuta a yi musu lalas a goshi da haƙarƙari da gadon baya. Sannan akwai hadisin ƙudusi a Bukhari da yake cewa bawa bai taɓa kusantar Allah da wani abu da ya fi soyuwa gare Shi ba kamar abin da Ya wajabta masa, nafila daga baya take zuwa. Misalin da malam ya ba kawu ranar shi ne na mutumin da ya raya dare da tsayuwa har ƙafarsa ta kumbura sannan ya kwanta ya bar asuba ta wuce shi. Kawu bai ce uffan ba, carbin ne kawai na ga ya tsaya.

Yanzu wa zakka ta hau kansa? Ba kowa ba, kuma wannan shi ne bambanci na farko mai girma. Sai dukiya ta kai nisabi, wato dinare 20 na zinare wanda ya kama wajen giram 85, ko dirhami 200 na azurfa wajen giram 595, sannan ta shekara a hannunka, shekarar watan Musulunci mai kwana 354 ba ta Janairu ba. In an cika waɗannan sai ka fitar da ɗaya cikin arba'in, kashi 2.5 cikin ɗari kenan. Naira miliyan 10 zakkarta 250,000 ce, shikenan. Nisabin a naira kullum motsi yake saboda farashin zinare da faɗuwar naira, shi ya sa za ka ga ana yawo da sabon lissafi a WhatsApp kusan duk wata, kar ka dogara da na bara. Akwai kuma tazara babba tsakanin nisabin zinare da na azurfa a farashin yau, na azurfa ya yi ƙasa sosai, a wajenmu yawanci da na zinare ake lissafi amma akwai malaman da suke ganin a bi na azurfa don ya fi amfanar talaka, ni dai in kuɗinka yana tsakanin biyun shawarata ka je ka zauna da malamin da ka yarda da shi kar ka yanke wa kanka hukuncin da ya fi maka sauƙi kawai.

Gidan da kake ciki, motar hawanka, kayan ɗaki, duk ba zakka a kansu ko nawa suka kai. Ma'aikacin da albashinsa yake ƙarewa kafin 20 ga wata ba abin da ya hau kansa, amma wanda yake tarawa a asusu har ya kai nisabi ya shekara, to ta hau. Gwal ɗin da mace take sawa don ado a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a fitar masa, Hanafiyya sun ce a fitar, amma wanda aka saya aka ajiye don ya riƙe darajar kuɗi kamar yadda mata da yawa suke yi yanzu, wannan ajiya ce ba ado ba. Dukiyar maraya ma in ta kai ana fitar mata, shi ya sa Sayyidina Umar ya ce a juya dukiyar marayu a kasuwa kar zakka ta cinye ta.

Ɗan kasuwa irin kawu shi ne lissafinsa yake da ɗan aiki. Malamanmu sun raba 'yan kasuwa biyu, akwai mai juyi wanda kullum saye da sayarwa yake kamar mai shago a kasuwar Kwari ta Kano ko mai kanti a unguwa, shi duk shekara zai zaɓi wata guda ya yi wa kayan shagonsa kuɗi a farashin ranar, ya haɗa da tsabar da take hannu da ta banki da bashin da yake bin mutane wanda yake sa ran za a biya, ya cire bashin da ake binsa, abin da ya rage ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Akwai kuma mai ajiya yana jiran kasuwa ta yi kyau, kamar wanda ya sayi fili don ya sayar, shi sai ranar da ya sayar zai fitar, ta shekara ɗaya. Kanta da sikeli da janareton shago ba sa shiga lissafi, kayan sayarwa ne kawai.

Manomi kuwa ba ya jiran shekara, ranar girbi ne, Suratul An'am aya ta 141 ta ce a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. Nisabinsa wusuƙi 5, sa'i 300 kenan, wajen kilo 650, in da buhu mai kilo 100 ne buhu shida da rabi ke nan. Noman damina ɗaya cikin goma, noman rani da aka sha wahalar ban ruwa da inji ɗaya cikin ashirin. Wanda ya samu buhu 30 na dawa da ruwan sama zai fitar da 3, wanda ya samu buhu 40 na shinkafar rani da injin ban ruwa zai fitar da 2. Kuma a Malikiyya gero da dawa da shinkafa kowanne zaman kansa yake, ba a haɗa buhu huɗu na gero da uku na dawa a ce an kai nisabi. Tumatir da albasa da rake ba zakka a kansu su kansu a mazhabarmu, sai dai kuɗinsu in ya kai ya shekara. Makiyayi shi ma nasa daban, tumaki da awaki daga 40 zuwa 120 guda ɗaya, shanu daga 30, raƙuma daga 5.

Toh ka kwatanta duk wannan lissafin da sadaka. Ita ba nisabi, ba jiran shekara, ba kalkuleta. Annabi (SAW) ya ce ku kare kanku daga wuta ko da da tsagin dabino ne, murmushi a fuskar ɗan'uwanka sadaka ne, kau da ƙaya daga hanya sadaka ne, har mutumin da ya shayar da kare ruwa da takalminsa an gafarta masa. Mai turin baro da ya raba ƙosansa biyu ya ba wani ya shiga sahun masu sadaka, alhali zakka ƙila har ya mutu ba za ta taɓa hawa kansa ba. Wannan ne abin da nake so game da ita, ƙofar ba a rufe wa kowa ita ba. Amma tana da iyakarta ita ma, don hadisi ya ce mafificiyar sadaka ita ce wadda aka yi bayan wadata kuma ka fara da waɗanda suke ƙarƙashinka. Mutum ya bar gida ba cefane ya tafi rabon kuɗi a ƙofar masallaci, ko ana binsa bashin da lokacinsa ya yi yana ta kyauta a gari mai bashin yana kallo, wannan bai yi daidai ba ko kaɗan.

Wajen wanda za a ba ne bambancin ya fi tsanani, kuma nan ne mutanen kirki suka fi yin kuskure, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Zakka Allah ne da kanSa Ya raba ta gida takwas a ayar nan ta 60, faƙirai, miskinai, ma'aikatan da aka naɗa su tattara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu ga Musulunci, 'yanta bayi, waɗanda bashi ya yi wa katutu, hanyar Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Ba kai kake zaɓa da son ranka ba, kai ɗan aike ne kawai.

Ɗauki mahaifiyarka. Ba ta da ƙarfi, kai ne kake da shi. Ba za ka ba ta zakkarka ba, haka mahaifinka da matarka da ƙananan 'ya'yanka, saboda ciyar da su dama wajibinka ne, in ka ba su zakka ka cire daga aljihun dama ka sa a na hagu kenan. Su da tsabar dukiyarka za ka yi musu, kuma ladan yana nan. Amma ƙanenka da kasuwa ta karye masa, ƙanwarka da aka sake ta ta dawo da yara uku, gwaggonka, ɗan kawunka, surukinka, duk waɗannan in mabuƙata ne zakka tana zama a kansu, kuma sun fi bare cancanta, don hadisi ya ce sadaka ga miskini sadaka ce ɗaya amma ga ɗan'uwa biyu ce, sadaka da sada zumunci. Na sha ganin mutum ya tsallake 'yar'uwarsa da take dafa garau-garau ba mai ya kai zakkarsa ƙofar masallacin Juma'a, wai kunya yake ji ko kar ta raina abin. Ba sai ka ce mata zakka ba ce, niyyar tana zuciyarka, ka miƙa mata kawai ka ce ga wannan a yi hidima. Macen da take da dukiya mijinta ba shi da shi kuwa, akwai ƙissar Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da aka ce mata tana da lada biyu, malamai sun yi saɓani ko zakka ce ko sadakar ganin dama ake nufi, don haka wannan a tambaya kafin a yi.

Sai masallaci da rijiyar burtsatse da ginin Islamiyya da gyaran maƙabarta. Nan ne kawu ya fi jin abin, don tayil ɗin nan ya ci kuɗi. Mazhabobin nan huɗu ba su sa gina masallaci cikin gidajen zakka ba, zakka mallaka ake yi wa mutum ya riƙe a hannunsa. Akwai malaman baya-bayan nan da suka faɗaɗa ma'anar hanyar Allah har ta ɗauki wasu ayyukan alheri, ban musa ba, amma ni a ganina me zai kai ka ka sa farillarka a inda ake jayayya alhali ga maƙwabci can da ba wanda zai yi jayayya a kansa? Masallaci da rijiya filin sadaka ne, kuma babu filin da ya fi shi.

Maƙwabcinka da ba Musulmi ba, matarsa tana asibiti ba kuɗin magani, taimaka masa da sadaka hannu bibbiyu, Suratul Mumtahana aya ta 8 ba ta hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, kuma Asma'u 'yar Abubakar an ce mata ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali mahaifiyar tana mushrika. Zakka dai ce asalinta daga mawadatan Musulmi ake karɓa a mayar wa matalautansu, kamar yadda aka faɗa wa Mu'azu ɗan Jabal da aka aike shi Yaman. Yaron shagonka in talaka ne za ka iya ba shi, amma ba a madadin albashinsa ko kuɗin sallamarsa ba. Ƙato lafiyayye da ya mai da bara sana'a ba shi da rabo a ciki, hadisi ya cire mawadaci da mai ƙarfin da zai iya nema. Iyalan gidan Annabi (SAW) su ma ba a ba su zakka, shi ya sa ya cire dabino daga bakin jikansa Hasan yana yaro, su kyauta ake yi musu. Sai wata dabara da 'yan kasuwa suke yi, wani ya ci bashinka ya gagara biya shekara biyu, ka riga ka fid da rai, sai ka ce na bar maka a zakka. Mafi yawan malamai sun ce bai yi ba, kuɗin da ya riga ya mutu kake so ka rufe farilla da shi. In za ka yafe ka yafe, sadaka ce mai girman gaske, sannan ka fitar da zakkarka daban.

Niyya ita ce ta kayar da lissafin kawu gaba ɗaya. Abin da ka bayar watanni shida da suka wuce da sunan kyauta ko taimako ba za ka dawo yau ka ce na mai da shi zakka ba, niyyar tana zuwa ne lokacin da kake ware kuɗin ko kake miƙawa. Kuɗin makarantar marayun nan da ya yi niyya tun farko da ya zauna daram, tunda mabuƙata ne, amma bai yi ba, don haka ya tafi a sadaka, ladansa yana nan bai ɓata ba, bashin ne dai bai sauka ba.

Lokaci ma haka. Mutane da yawa sun ɗauka watan zakka shi ne azumi. A'a, watan zakkarka shi ne watan da shekararka ta cika, in a Rajab ta cika ba ka da izinin riƙe haƙƙin mutane har Ramalana don kana neman ladan watan, yunwa ba ta san kalanda ba. Gaggauta ta kafin lokaci kuwa, Malikiyya sun yarda da kamar wata guda, wasu mazhabobin sun yarda da fiye da haka. Sadaka ce za ka iya ajiyewa ka ce sai goman ƙarshe, ko goman farko na Zulhajji, ko duk ranar da zuciyarka ta motsa. Haka wuri, zakka an fi so ta zauna a garin da dukiyar take sai in can nesa ɗin sun fi tsananin buƙata, sadaka kuwa ka tura ta duk inda ka so.

Akwai wani abu da yake ci min tuwo a ƙwarya game da yadda ake rabon zakka a garuruwanmu. Mutum zakkarsa 250,000, sai ya canzo sababbin 'yan ɗari biyar-biyar ya tara mutum 500 a ƙofar gida tun asuba, tsofaffi da mata masu goyo a rana, kowa ya tafi da abin da bai kai kuɗin motar da ya kawo shi ba, wani lokacin har turmutsutsu a rasa rai. Zakka ta fita a hukunce, amma wa ta fitar daga talauci? A mazhabarmu ya halatta ka ba mutum ɗaya abin da zai ishe shi shekara, ba dole sai ka zagaya gida takwas ɗin ba. A bayan layinmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, wani ya ba ta zakkarsa dunƙule ta sayi injin markaɗe, yanzu da sassafe in ka wuce za ka ji ƙararsa, yara sun yi layi da bokitan wake da na tattasai, ita tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana ɗaure canji a bakin zane. Shekara uku kenan ban ga ta aika yaro gidan kowa neman tsaba ba. 'Yan ɗari biyar-biyar ɗin nan sadaka ce ta dace da su, a yi ta kullum ma, amma zakka a dunƙule ta fi aiki. Wanda kuma ba shi da lokacin bincike, jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, ya je ya gani da idonsa yadda suke rabo in ya natsu ya miƙa musu.

Ɓoyewa ko bayyanawa? Baƙara aya ta 271 ta ce in kun bayyana to madalla, in kun ɓoye kuka ba matalauta shi ya fi muku alheri, kuma cikin mutum bakwai da za su shiga inuwar Al'arshi akwai wanda hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Malamai da yawa sun ce zakka ba laifi a san ka fitar don wasu su yi koyi kuma kar a zarge ka, sadaka ce aka fi so a ɓoye. Amma a san ka fitar daban, a ɗauki hoton tsohuwa riƙe da ledar shinkafa a watsa a Facebook daban. Aya ta 264 ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta 267 kuma ta hana zaɓo marar kyau a bayar, wannan ya hau kan duka biyun, buhun da ƙwari suka ci ba ya zama zakka, atamfar da ta yi shekara biyar rana ta cinye ta ma ba abin alfahari ba ce a sadaka.

In kuma abin da kake nema shi ne wanda zai bi ka kabari, ko kana so ka yi wa iyayenka da suka rasu wani abu, to nan sadaka ce take da filin ita kaɗai. Hadisin Muslim ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara ba a sayarwa ba a gado amfaninta na mabuƙata, abin da muke kira waƙafi ko hubusi kenan, Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ta fi aka ce masa ruwa. Duk wannan da kuɗin ganin dama ake yi, ba za ka haƙa wa mahaifinka rijiya da zakkarka ba don kuɗin ba naka ba ne tun ranar da shekara ta cika.

Kar in manta da zakkar kono, wato ta fid da kai, don ita ce take nuna layin nan ƙarara. Sa'i ɗaya ce, mudun Annabi huɗu na abincin da aka fi ci a gari, a kan kowane rai da kake ciyarwa, kuma ba ta jiran nisabi. Hadisin Ibn Abbas ya ce wanda ya bayar kafin sallar idi zakka ce karɓaɓɓiya, wanda ya bayar bayan salla sadaka ce daga cikin sadakoki. Hatsi ɗaya, mudu ɗaya, mutum ɗaya, amma awa biyu sun canza mata suna.

Shi kuwa kawu, malam ya sa aka ɗauko tsofaffin littattafan shago aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka gano shekara uku ke nan bai fitar ba tun da jarin ya haura nisabi, kuma malam ya ce shekarun baya ba sa faɗuwa sai an biya. Kuɗin da ya fito ba kaɗan ba ne, na ga gumi a goshinsa duk da fanka tana kaɗawa. Ya ce, "Malam, to tuwon Juma'ar fa, in dakatar?" Malam ya ce, "Alhaji, in za ka iya haɗa biyun ka haɗa, in ba za ka iya ba ka fara sauke wanda za a tambaye ka." Bai dakatar ba, sai dai ya fasa sayen motar da ya yi niyya a shekarar. Ta shekarar da muke ciki ya fitar a satin, kaso mafi girma ya tafi wajen ƙanwarsa da take zaune a gidan haya da yara, na shekara biyun baya kuma ya biya a hankali kafin babbar salla saboda sai da ya karyar da wasu kaya. A bangon littafin shagon daga ciki ya sa na rubuta masa 1 ga Sha'aban da jan biro, don a watan ne malam ya gano shekararsa take cika, ba a azumi ba.